Gini ko'ina, gidan haya ya yi wuya: amsa ga mai tambaya daga Garwa

Wani malamin makaranta a Garwa, a arewacin Kamaru, ya aiko da tambaya. Ya ce duk unguwar da mutum ya shiga, daga Jambutu har Lainde, bulo ne jibge da tulin yashi a bakin hanya, amma kuɗin haya sai hawa yake yi, mai neman ɗaki biyu da falo sai ya yi wata da watanni yana yawo. Ga matasa kuma zaune babu aikin yi, amma shi da ya tashi fara gini a ɗan filinsa ya rasa maginin kirki, wanda ya samu ya karɓi kafin alƙalami, ya yi kwana uku, ya ɓace. Yana so ya san me ke kawo haka, da kuma yadda mai ƙaramin albashi zai yi ya mallaki muhalli.

Malam, Allah ya ƙara basira. Na daɗe ina kula da aikin gini tsakanin Garwa da Marwa, kuma abin da zan fara faɗa maka shi ne tsadar hayar da ɓacewar maginin naka tushensu ɗaya. Yadda muke gini a arewacin Kamaru, yau a ɗora layi biyar a tsaya sai baɗi, shi ne ke hana gidaje ƙarewa, shi ne kuma ke hana sana'ar haifar da gwanaye.

Ka sake zagaya unguwannin da ka ambata, ka ƙirga gine-ginen da aka rufe aka sa musu ƙofa. Za ka tarar da yawansu kango ne, sun kai linta sun tsaya, ciyawa ta fito a ɗakunan, rodi ya yi tsatsa a saman ginshiƙai. Kuɗi masu yawa na kwance a cikinsu, amma babu wanda ke kwana a ciki. Waɗanda ake gamawa da wuri kuwa na masu hali ne, an yi su don manyan ma'aikata, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, da 'yan kasuwa, ko kuma ƙananan ɗakunan ɗalibai kusa da jami'a. Lokacin da Garwa ta karɓi wasannin cin kofin Afirka a farkon 2022 an gyara filin Rumde Ajiya, an yi otal-otal da tituna, gari ya yi kyau. Sai dai magidanci mai mata da 'ya'ya huɗu ba a gina masa komai ba, kuma irinsa ne suka fi yawa a masu neman haya.

Masu neman kuwa kullum ƙaruwa suke. A ƙidayar 2005 Garwa ta haura mutum 230,000, Marwa kuma ta ɗan haura 200,000, kuma kowa ya san yadda garuruwan biyu suka buɗe tun daga lokacin. An kafa jami'ar Marwa a 2008, ta Garwa a 2022. Tun daga 2014 rikicin Boko Haram ya kori jama'a daga ƙauyukan Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logon-da-Shari, wasu suka tsaya a Mora da Mokolo da Kuseri, wasu suka gangaro Marwa har Garwa, suka sauka wurin dangi. Ambaliyar 2012 ta cinye gidaje a bakin Binuwai, ta 2024 kuma ta rushe dubban gidaje a Yagwa da sauran garuruwan bakin Logon. Sai kuma wani abu da ba a cika lissafawa ba. Da can idan saurayi zai yi aure a tsofaffin unguwanni irin su Hausare, sai a yanka masa gefe a gidan gado a yi masa ɗaki. Yanzu gidajen nan sun cika, an raba gado an sake rabawa, ango dole ya fita haya.

Gwamnati da kanta tana cewa ƙasar na da giɓin gidaje sama da miliyan 2. Hukumomin kuma akwai su. Kamfanin gidaje na SIC tun 1952 yake, an kafa bankin lamunin gidaje na Crédit Foncier da hukumar yanka filaye ta MAETUR a 1977. A 2009 aka ƙaddamar da shirin gidaje 10,000 da filaye 50,000, mafi yawan gidajen a Yawunde da Duwala. Daga baya shirin gaggawa na PLANUT ya ware gida 100 ga kowane babban birnin yanki banda waɗancan biyun. Gida 100 a gari kamar Garwa ko malaman makarantun unguwa biyu ba zai ɗauke ba. Don haka wanda ke gina arewa a zahiri shi ne mutum irinka, da albashinsa da adashinsa.

Ka duba takardar albashinka. Kowane wata ana cire maka kashi 1 cikin 100 don Crédit Foncier. Ranar da ka je neman lamuni kuwa, abin da za a fara tambayarka shi ne takardar mallakar fili, titir fonsiye. Tun dokokin filaye na 1974 ita kaɗai ce hukuma ta sani a matsayin shaidar mallaka. Mafi yawanmu kuwa a hannun jauro ko lawan ko magada muka saya, da 'yar takardar ciniki da sa hannun shaidu. A unguwa wannan ta isa, a banki ba ta wuce komai ba. Neman titir ɗin yana cin kuɗi da lokaci: kwamitin sufurefe, wato shugaban gunduma, ya zo ya gani, masu awo su kafa duwatsun iyaka, takardu su yi ta yawo ofis-ofis. An sauƙaƙa tsarin a 2005, ba sai an je Yawunde ba kafin a ba da ita, amma har yau mutane da yawa na jin tsoron farawa. Wanda ba shi da takarda ba shi da lamuni, sai ya gina da abin da ya rage bayan cefane, buhu goma yau, tifar yashi bayan wata uku. Wani ma tsoron kada a sake sayar da filin ne ke sa ya yi sauri ya kafa harsashi ya bar shi, don dai a san da mai shi.

Yanzu ka tsaya a matsayin magini ka dubi wannan kasuwa. Mai gida ya kira ka, ka yi kwana shida, siminti ya ƙare, ya ce sai ƙarshen wata. Kana da iyali, ba za ka zauna jiransa ba. Sai ka kama aiki a wuri uku ko huɗu a lokaci guda, kana tsalle tsakaninsu, kuɗin wannan ka biya leburorin wancan. Ranar da lissafi ya kwance sai ka kashe waya. Ina kyautata zaton abin da ya faru da mutuminka ke nan. Ban wanke shi ba, cin amana ne, kuma haƙƙinka na wuyansa. Amma na ga masu gida da yawa su ma sun riƙe wa magina kuɗin guminsu wata da watanni, har da masu kwangilar gwamnati da ke cewa su ma ba a biya su ba. Rashin yardar ta kowane ɓangare ce, kuma ita ke sa kowa yana neman ya riga ɗan'uwansa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne koyo. A ginin ƙasa na iyayenmu sana'a ce ta gado, akwai Sarkin Magina, yaro yana tashi a bayan ubansa ko ubangidansa shekara da shekaru. Ya fara da kwaɓa, ya koyi murza tubali, ya koyi miƙa shi, kafin a bar shi ya hau katanga, kuma sai ya yi furfurar aiki kafin a ba shi baka ko rufin soro. Ginin siminti ma da haka ya fara. Amma koyo yana son aiki mai ɗorewa, yaro ya ga gida tun daga haƙa harsashi har sa kwano, a hannun mutum ɗaya mai gyara masa kuskure. Yau ina zai ga haka? Mako ɗaya yana nan, mako ɗaya yana can, kowane wuri da sabon maigida. Ya yi rani biyu yana tura baro, ya sayi cokalin gini da igiya, ya ce shi ma magini ne. Babu mai hana shi, babu takardar da ake nema. Ya iya jera bulo, amma bai san dalilin da ya sa ake sa rodi a ƙasan bim (wato kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai) a tsakiya ba, kuma a samansa a kan ginshiƙi. Bai san kusurwa ta fita ba sai an zo sa tayil.

Waɗanda suka ƙware da gaske kuwa ba su da yawa, kuma ba sa zama. Manyan kamfanonin hanya da gadoji na ɗauke su, wasu su tafi Yawunde da Duwala, wasu su haye gadar Ngeli zuwa Injamena inda ake biyan gwani da daraja. Leburori ma ba kullum ake samunsu ba. Yawancinsu manoma ne da ke shigowa gari cin rani. Ruwa na sauka suna komawa gona, bayan damina ga dashen dawar rani ta muskuwari a ƙasar Marwa, ga tsinkar auduga ta kamfanin SODECOTON. Matashin gari kuma da ka gani zaune ya yi lissafinsa. Idan ya karɓi babur yana acaɓa, da yamma yana da kuɗi a hannu, ba ya ɗaukar bulo a ranar Afrilu mai haura digiri 40, kuma babu mai ce masa ya dawo gobe. Wasu sun tafi haƙar zinariya. A 2023 an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa sefa 60,000 ga ma'aikatan kamfanonin da ba na noma ba, amma leburan gini na unguwa dokar ba ta san da shi ba. Idan ya faɗo daga kan katako, babu CNPS, wato hukumar inshorar ma'aikata, sai abin da mai gida ya ga dama. An buɗe wa masu sana'ar hannu damar yin rajistar kansu a CNPS tun 2014, amma mutumin da bai san ko zai yi aiki jibi ba da wuya ya ɗauki alkawarin biya kowane wata.

Makarantun fasaha namu, su CETIC da lise teknik, suna yaye yara masu takardar gini kowace shekara, kuma Marwa na da babbar makarantar injiniyoyi. Yaran sun iya karanta zane, amma da yawansu hannunsu bai saba ba, saboda makarantun ba su da isassun kayan gwaji. Dattijon magini kuma hannunsa ya iya, zane ne ba ya karantawa. Mutumin da ke tsakiya, shugaban ma'aikata mai karanta zane kuma ya karɓi cokali ya nuna yadda ake yi, shi ne ya fi ƙaranci a duk wuraren da na yi aiki. Inda ka same shi gini na tafiya daidai ko da sauran duk 'yan koyo ne. A aikin gamawa, wato tayil da silin da famfo, sau da yawa 'yan'uwanmu daga Najeriya ne ke cike gurbin, musamman tun da naira ta faɗi a 2023 sefa ta yi musu daraja.

Tsadar kaya kuwa gaskiya ce, kuma nisa ne babban dalilinta. Muna da masana'antar siminti ta CIMENCAM a Figil, kusa da mu, amma sauran manyan masana'antu, har da ta Dangote da aka buɗe a 2015, suna kudu ne. Rodi daga Duwala yake zuwa, kwanon alminiyom daga Edeya, katako daga dazuzzukan kudu da gabas. Layin dogo tun da ya iso Ngaundere a 1974 bai wuce ta ba, daga nan sai tirela ta gangaro dutse ta biyo hanyar da kowa ya san halinta. Daga Duwala zuwa Garwa sama da kilomita 1,000 ne. Litar gas ta tashi daga sefa 575 zuwa 720 a Fabrairun 2023, ta koma 828 a Fabrairun 2024, kuma kowane ƙari sai ya bayyana a kan buhun siminti da tifar yashi.

Mai gida ba zai iya rage kuɗin rodi a shago ba, sai ya matse inda ke matsuwa, wato kuɗin magini da yawan siminti. A nan ake yin ɓarnar da ba a gani sai daga baya. Buhu mai kilo 50 bai kamata ya ba da bulo mai faɗin santimita 15 fiye da 30 zuwa 35 ba. Masu bugawa don sayarwa suna kai shi 50, wasu su wuce. Kankaren ginshiƙi da bim yana son buhu 7 a kowace mita kubik, ana yi da 4 ko 5. Sannan ruwa: kankare na buƙatar a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa. A zafinmu da iskar hunturu, idan an zuba da safe ba a rufe ba, kafin la'asar ya bushe ta sama ya tsattsage, kuma wanda ke sayen ruwa a jarka ba ya son ya ga ana zuba shi a kan bango. Ga baƙar ƙasar karal da ke kewaye da Marwa har zuwa Kuseri, wadda ke kumbura da damina ta dare da rani. Harsashin da ba a ɗaure shi da rodi ya zagaye ba, damina biyu ta isa ta raba katanga. A Yulin 2023 bene ya rufta a Duwala ya kashe gomman mutane, ba a jima ba wani ya rufta a Ngaundere. Namu da ba bene ba ba ya shiga labarai, tsagewa yake yi a hankali, a fasa a sake, a biya sau biyu. Araha ba ta ado, kuma duk gidan da aka sake ginawa ya cinye simintin da zai yi wa wani ɗaki.

Ina da ra'ayi a kan ginin ƙasa, kuma na san ba kowa zai so shi ba. Mun raina shi fiye da kima. Ƙasar da ta yi gidajen ƙabilar Musgum na garin Pus da sorayen Hausawa ba ta canza ba, kuma ɗakin ƙasa mai kauri ya fi ɗakin bulo da kwano sanyi nesa ba kusa ba, abin da duk wanda ya kwana a Garwa a watan Maris ya sani. Gwamnati ta kafa hukumar MIPROMALO a 1990 don bunƙasa kayan gini na cikin gida, kuma bulon ƙasa da ake matsawa da inji, a sa masa siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100, yana yin gini mai ƙarfi da kyan gani. Sharaɗinsa biyu ne: harsashin dutse ko kankare da ya ɗaga sama da inda ruwa ke kwanciya, da rufi mai baki da ke kare bango daga feshin ruwa. Gidajen da ambaliya ta narkar yawancinsu a ƙasa suke zaune kai tsaye, kuma a hanyar ruwa. Sai dai shi ma yana son gwani, mai sanin wace ƙasa ta dace, domin karal tsantsa ba ta yi. Jan bulon da ake gasawa a Kuseri da Injamena yana da ƙarfi, amma itacen da yake ci a ƙasar da bishiya ta yi ƙaranci abin dubawa ne.

Da hukuma za ta ji tawa, da ta rage gina gidaje da kanta, ta mai da hankali ga yanka filaye masu takarda da hanya da ruwa, ta ba da ƙananan lamuni mataki-mataki, ta biya 'yan kwangila a kan lokaci, ta kuma wajabta wa duk mai kwangilar gwamnati ɗaukar 'yan koyo daga farko har ƙarshen aiki. A kuma gwada dattawan magina a ba su takardar shaidar abin da suka iya.

Kai kuwa, Malam, kafin ka ƙara sayen bulo ɗaya ka fara bin takardar filinka, ko da zai ɗauke ka shekara. Ka je ka ga filin a watan Agusta bayan ruwa mai ƙarfi, ka tambayi tsofaffin maƙwabta inda ruwan 2012 ya tsaya idan kusa da kogi kake. Ka sa a zana maka gidan gaba ɗaya, amma ka yanka shi gida-gida yadda kowane mataki zai ƙare da rufi. Ɗaki ɗaya da falo da banɗaki da ka shiga sun fi ɗaki biyar a linta, domin daga ranar da ka tare kuɗin hayarka ya koma siminti. Kada ka fara mataki sai kayansa sun cika a ƙasa. Siminti kaɗai za ka bari sai ƙarshe, don ba ya son dogon ajiya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, an gama girbin damina, ma'aikata sun fara dawowa, zafi bai yi tsanani ba.

Wajen zaɓen magini, kada ka tsaya ga sabon ginin da zai nuna maka. Ka ce ya kai ka gidan da ya gina wanda ya sha damina huɗu ko biyar, ka yi magana da mai gidan shi kaɗai. Ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu, a biya bisa aikin da aka auna: harsashi kaza, zuwa linta kaza, rufi kaza. Kafin alƙalamin kada ya wuce abin da zai biya leburori na 'yan kwanaki. Kayan kuma kai za ka saya. Idan da hali a buga bulon a filinka kana gani, a jiƙa shi mako guda. Idan saye za ka yi, ka ɗaga ɗaya zuwa ƙirjinka ka sake shi a ƙasa mai tauri, wanda ya zama gari ka bar musu kayansu. Ka ware ɗan kuɗi ka kira mai ilimin gini ya duba sau uku, ranar da aka gama haƙa harsashi, da ranar da aka ɗaure rodi kafin a zuba kankare, da ranar ɗora katakon rufi. Bayan an zuba babu abin da zai iya gani.

Idan ka dace da maginin kirki, kada ka yi masa cinikin wulaƙanci, kuma ka biya shi ranar da kuka yi alkawari ko da za ka ci bashi. Ka faɗa masa tun farko lokacin da kake sa ran mataki na gaba, don ya tsara ayyukansa. A cikin ɗalibanka kuma ba za a rasa wanda ya gama makarantar fasaha yana zaune ba. Ka roƙi maginin ya riƙe shi a aikinka daga harsashi har kwano, kai ka ɗauki abincinsa na rana.